Kififiya Ba ta Yin Ƙwai a Cikin Ruwa

Da zarar damina ta kankama a ƙasar Kibiya da Rano, sai ka ga yara sun ɗauro kififiya da igiya daga kududdufin da kwanan baya ƙura ce ke tashi a cikinsa. Nan gardama kan ɓarke a majalisa: wannan ya ce ruwan sama ne ya zo da ita, wancan ya ce daga dam ɗin Tiga ta tako. Alhali tana nan inda take. Irin wadda ke lanƙwashe wuyanta gefe idan ta ji motsi, binne kanta take yi cikin laka ta shafe rani, sai danshi ya tashe ta.

Wannan gardamar ba ta cutar da kowa. Wadda ke damuna ita ce ta masu cewa tunda gwamnatin Audu Bako ta kammala Tiga a 1974, ga kuma dam ɗin Ruwan Kanya, ai kififiya ba za ta taɓa ƙarewa ba, ruwa ya wadata. To, ruwa wurin kiwonta ne kawai. Idan lokacin ƙwai ya yi, fitowa take yi tudu, ta haƙa rami da ƙafafunta na baya, ta zuba, ta rufe, ta yi tafiyarta. Ɗan da ke cikin ƙwan iska yake shaƙa ta ɓawo, kuma idan ruwa ya kwanta a kan ramin, ya mutu. Kaza kan juya ƙwanta kullum, amma na kififiya da ya kwana biyu sai ɗan tayin ya manne a saman ɓawon ta ciki. Manomin da ya tono shi da fartanya, ya jujjuya, ya mayar don tausayi, sau da yawa ya riga ya kashe shi.

Hatta manyan kififiyun teku, da ake da iri 7 a duniya, ba su tsira daga wannan doka ba. Uwar kan yi tafiyar dubban kilomita ta komo yankin gaɓar da aka ƙyanƙyashe ta, ko a Gabon ko a bakin tekun Legas, don ta yi ƙwai cikin rairayi. Zafin rairayin ne ma ke yanke ko mace za a samu ko namiji: idan ya haura kusan digiri 29, mata sun fi yawa. Wani bincike da aka fitar a 2018 a arewacin gaɓar Ostireliya ya gano sama da kashi 99 cikin ɗari na ƙananan wani iri duk mata ne.

Saboda haka idan ana batun kififiyarmu, gaɓa za a duba. Masu tifa suna kwashe yashin bakin rafi, masu bulo suna yanke gefen kududdufi, mai noman rani kuma ya kai tumatirinsa har leɓen ruwa. Kowa abincinsa yake nema, ban ga laifinsa ba. Amma ƙasar nan tana da dokar kare namun dajin da ke shirin ƙarewa tun 1985, an ma yi mata gyara a 2016, ga shi kuwa mai karɓar kuɗin shiga a hannun direban tifa ba ya tambayar daga wace gaɓa aka ɗebo yashin, balle a wane wata.