Yadda Masana Ke Bin Sawun Ƙwayar Korona: Abin Da Ya Kamata Ku Sani

Ƙwayar korona tana ɗauke da rubutun gado mai haruffa kusan 30,000. Da ta shiga jikin mutum sai ta yi ta kwafar wannan rubutu don ta hayayyafa, kuma kamar mai kwafar littafi da hannu, takan kuskure harafi nan da can. Kuskuren yakan bi 'ya'yanta da jikokinta. Da shi ne masana ke gane dangin kowace ƙwaya, inda ta bi, da wacce ke neman rinjayar saura.

Ana ɗaukar samfuri daga hancin wanda gwaji ya nuna ya kamu, na'ura ta karanta haruffan, a tura sakamakon rumbun intanet irin GISAID, inda masanan duniya ke kwatanta nasu da na wasu. Yawancin sauye-sauyen ba su da wata illa. Waɗanda ake sa wa ido su ne masu taɓa ƙayar da ƙwayar ke maƙale wa jikin mutum da ita, domin ita rigakafi ke koya wa jiki ganewa.

A Maris 2020, cibiyar ACEGID da ke Ede a Jihar Osun, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, ita ce ta fara karanta rubutun korona a nahiyar Afirka.

A Nuwamba 2021 kuwa, masana a Botswana da Afirka ta Kudu suka ga wani nau'i mai sauyi fiye da 30 a ƙayarsa. Ba su ɓoye ba. Ranar 24 ga wata aka sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya, ranar 26 ta raɗa masa suna Omicron. Tukuicin da suka samu shi ne rufe musu hanyoyin jiragen sama, har Birtaniya ta haɗa da Najeriya a watan Disamba. Wannan rashin adalci ne, domin inda aka fara ganin nau'i ba lallai can ya samo asali ba. Sau da yawa can ne ake dubawa da kyau. Idan ana hukunta mai faɗa, gobe wa zai faɗa?

Saboda haka jama'a, idan cuta ta ɓarke aka nemi samfurinku, ku bayar. Ku kuma matsa wa gwamnatoci su ci gaba da zuba kuɗi a ɗakunan gwajin nan ko a lokacin da babu annoba.