Likitan Bariki da Amanar Sojan da Yaƙi Ya Taɓa

Tun watan Mayun 2014, lokacin da Shugaba Paul Biya na Kamaru ya shelanta yaƙi da Boko Haram a taron Faris, hanyar Garwa zuwa Marwa ba ta rabu da motocin soja ba. Wasu na haurawa Mora da Kolofata da Fotokol, wasu na gangarowa. Garwa ce hedikwatar yankin soja na uku, nan sansanin mayaƙan sama yake, nan kuma Amurka ta sauke sojojinta kimanin 300 da jirage marasa matuƙa a ƙarshen 2015. Sojan da harsashi ya sama ko nakiya ta tashi da shi, kowa ya san inda za a nufa da shi. Wanda ya dawo da ƙafafunsa kuwa, sai a yi masa barka da arziki, a wuce wurin.

Matarsa ce ke fara lura. Ba ya runtsawa sai gab da asuba, in barcin ya sace shi kuma ya zabura sharkaf da gumi yana laluben bindiga. Salansar babur ta yi ƙara a titi, ya kwanta rub da ciki. Ko ina ya zauna, ba ya ba ƙofa baya. Yaron da yake ɗorawa a wuya a da, yanzu kukansa kaɗai ya isa ya jawo masa duka. Dangi su ce sammu ne, maƙwabta su ce iska ce, shi kuwa ya lallaɓa wurin mai tebur ya sayi tramol, ko ya ɓuge a gidan giyar bilbil. Likitoci sun san wannan ciwo na firgici da ke biyo bayan mummunan tashin hankali. A 1980 ya shiga kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na Amurka, bayan abin da aka gani a jikin sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam. Yana jin magani, mafi yawa ta hanyar zama da ƙwararre ana warware abin da ya cunkushe a zuci, wani lokaci a haɗa da ƙwayoyi.

Kafin a kai ga gane haka an zalunci mutane. A Yaƙin Duniya na Ɗaya rundunar Ingila ta bindige sojojinta 306 bisa laifuka irin su gudu daga fagen fama da ragwanci, cikinsu har da waɗanda rugugin igwa ya gigita. Sai a 2006 aka yi musu afuwa.

To, ga ciwo ga magani, me ke hana soja zuwa asibiti? Tsoro ne, kuma tsoron yana da dalili. Likitan bariki hafsa ne, da anini a kafaɗarsa, yana da na gaba da shi. Ya yi rantsuwar riƙe amanar majinyaci, ya kuma yi rantsuwar biyayya ga runduna, taura biyu kuwa ba sa taunuwa lokaci guda. Sojan da ke zaune a gabansa lissafi yake yi: in na ce ina ganin gawar abokina a mafarki, gobe maganar za ta isa ofishin kwamanda? Za a karɓe bindigata? Ƙarin girma fa, da alawus ɗin bakin daga da iyali suka dogara da shi? Sai ya ce ciwon kai ne, a ba shi farasitamol ya tafi.

Kwamanda yana da haƙƙin sanin wasu abubuwa, ba musu: wane zai iya aiki ko ba zai iya ba, ya dace ya riƙe makami ko a'a, hutun wata nawa yake bukata. Iyakarsa ke nan. Abin da mutum ya gani a daji, abin da ke tsakaninsa da matarsa, kukan da ya yi a ɗakin likita, duk ba na fayil ba ne. Inda aka yarda likita ya buɗe baki shi ne in majinyacin na shirin kashe kansa ko halaka wani, nan ma ya faɗi iya abin da zai kare rai, ya kuma fara sanar da shi cewa zai faɗa. A ganina ya kamata a shaida wa soja wannan iyaka tun kafin ya fara magana.

Sai batun yarda. A bariki umarni ba ya jiran ra'ayin kowa, amma shan magani ba fareti ba ne. A danna wa mutum allurar kashe jiki don ya yi gardama, ko a rubuta masa taɓin hankali don ya kai ƙara, horo ne aka lulluɓe da farar riga. Haka nan a lallaɓa mai ciwo da ƙwayar barci a mayar da shi daga saboda ƙarancin mutane. A watan Yunin 2017 sojoji kimanin 30 sun tare hanya a Zige da ke Arewa Mai Nisa, suna neman a biya su alawus, a kuma ba su hutu, aka kama su. Dokar soja ta hana bore, gaskiya ne, sai dai hutun da suka nema shi ne rigakafi mafi araha da kowace runduna ke da shi.

Ƙwararrun ma ina suke? Sanannun sassan kula da masu taɓin hankali na Kamaru suna asibitin Jamot a Yawunde da Laquintinie a Duwala. Daga Garwa sai an yi doguwar tafiyar mota zuwa Ngawundare, sannan a kwana a jirgin ƙasa. Don haka iyali kan fara da malam, a yi ruƙiyya, a sha rubutu. Ban ga aibin addu'a ba, limamin bariki ko fada ma sau da yawa shi ne na farko da soja zai iya buɗe wa cikinsa. Aibin yana wurin da ake sa mari, a ɗaure mutum a turke, a yi ta bulala wai ana korar aljani. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoto a 2020 cewa ta sami shaidar irin wannan ɗauri a ƙasashe 60.

Akwai ɓangaren da ba a son taɓawa. A 2018 wani bidiyo ya bazu na sojoji suna harbe mata biyu da yara biyu kusa da Zelebet. Gwamnati ta fara ƙaryatawa, daga bisani a Satumban 2020 kotun soja a Yawunde ta yanke wa huɗu ɗaurin shekara 10, ɗaya kuma shekara 2. Ciwon firgici ba uzuri ba ne ga wannan ta'asa, mafi yawan masu ciwon ma ba su taɓa cutar da kowa ba. Amma rundunar da ke barin gajiyayye mai shan tramol a shingen bincike da bindiga cike, ta jefa 'yan kasuwa da masu babur cikin hatsari. Kuma amanar likitan soja ta haɗa har da wanda aka kama. Amnesty International ta yi zargin azabtar da tsararru a sansanin rundunar soja ta BIR da ke Salak a rahotonta na 2017. Sanarwar Tokyo ta 1975 da ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1982 sun haramta wa ma'aikacin lafiya sa hannu a azaba, ko da kuwa duba mutum ne don a ce zai iya jure ƙari.

Duk wannan maganar masu kaki ce. 'Yan sa-kai na kwamitocin tsaro a Kolofata da Amcide, masu gadin ƙauye da kwari da baka da bindigar toka, waɗanda sau da dama su ke fara tare ɗan ƙunar baƙin wake, sun ga abin da soja ya gani. Ba su da lambar aiki, ba su da fansho, ba su da likitan bariki.