Girkin Babbar Sallah ba tare da kin fita hayyacinki ba

 Waɗanda data ba ta ishe su su saurari murya ba, ga shirin a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau maganar girkin Babbar Sallah za mu yi, kuma bari in fara da tona wa kaina asiri. Sallata ta farko a gidan surukaina a Durun, can ƙaramar hukumar Kabo, na zo daga birni da niyyar in nuna musu sun auro 'yar Kano. Na tsara waina, da sinasir, da dambun shinkafa, da kunun aya, da zoɓo, wai duk a safiyar Sallah. Aka tafi Idi ina gaban murhu, aka sakko ina gaban murhu. Ƙullun waina ya ƙi tashi, itace jiƙaƙƙe sai hayaƙi yake. Dangi sun zo daga Garo da Gwarzo sun cika zaure, yara da kwalliyarsu sun zuba wa ƙofar madafi ido. Wallahi har aka kira azahar ban yi wanka ba. Inna, mahaifiyar maigidana, ta leƙo ta dube ni. Ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi, "'Yar nan, girkin Sallah ai ba ranar Sallah ake yin sa ba." Duk abin da zan faɗa yau daga wannan maganar ya fito.

Kuskurena na farko, na ɗora lissafina a kan naman layya. To ki duba yadda ranar take. Ba a yanka sai an sakko daga Idi liman ya yanka tasa. Sannan a jira mai fiɗa, wanda gida biyar ke jiran sa. Kafin a feɗe, a wanke kayan ciki, rana ta take. A gidaje da yawa ma rataye naman ake yi ya kwana ya sha iska, sai washegari a yi suya. Su kuwa baƙi tun hantsi suke zuwa, kuma da yunwarsu, don a Babbar Sallah da yawa ba sa cin komai sai an sakko daga Idi. Kin ga ke nan abincin farko ba ruwansa da ragon da ke ɗaure a tsakar gida. Ki tanadi kaji biyu ko ɗan naman kasuwa tun kafin ranar, ki tafasa ki soya ki ajiye. Farfesun kayan ciki na yamma ne, idan ya samu.

Sai lissafin baki. Mu a ƙauye ba wanda ke sanarwa zai zo, amma ana iya ƙiyasi. Ki zauna da maigida ku ƙirga 'yan gida, da dangin da suka saba zuwa duk shekara, da kwanukan da za a kai maƙwabta da gidan iyaye. Waɗannan kwanukan su ne ake mantawa, kuma su ne ke cinye tukunya. Ni a hannuna kwano 1 na shinkafar tuwo yana ciyar da manya kamar 12, sai in ƙara kwano guda a kan abin da na lissafa saboda almajirai da baƙon da ba a zata ba. Ki gwada naki hannun, don malmala ta bambanta.

Yanzu me za a dafa? A nan ne wasu za su ji haushina. Abu ɗaya da miya ɗaya. Tuwon shinkafa da miyar taushe, shi ke nan. In kina son waina, ki yi ta a madadin tuwon, ba ƙari a kansa ba, kuma ki sani tanda tana cin mutum guda sukutum na awanni. Miyar ce dai za ki zuba wa basirarki. Ban taɓa jin baƙo ya koma gida yana cewa kala nawa aka kawo masa ba, amma miya mai daɗi ana shekara ana zancenta, marar daɗi ma haka.

Maganar tumatur kuma, a 2023 da 2024 da 2025 Babbar Sallah ta faɗo ne a watan Yuni. Lokacin tumatur ɗin rani ya ƙare, na damina bai zo ba, farashi ya hau. Kar ki kashe kuɗin Sallah a kan ɗanye. Kauɗar tumatur tana nan. Ki wanke ta sosai saboda ƙasa, ki jiƙa da ruwan ɗumi, ki haɗa da tattasai da attaruhu da albasa mai yawa a markaɗa. A miyar taushe kabewa da gyaɗa ke ɗaukar nauyi, ba mai ganewa.

To yaushe ake yin me? Kar ki tara aiki ranar jajibere. Ranar 9 ga wata ce, ranar Arfa, mutane da yawa na azumi, wataƙila har da ke, kuma ranar ce layin injin markaɗe yake kaiwa bakin titi. Ni ranar 7 nake gama cefane, kitso da lalle ma a nan. Ranar 8 a tsince shinkafa, a soya gyaɗa a daka, a daka daddawa da kayan ƙamshi, a shigo da itace ƙarƙashin rumfa, don ruwan dare ɗaya ya isa ya ɓata miki safiya. A cika randuna da jarkoki, saboda ranar Sallah masu ɗebo ruwa su ma Sallah suke yi.

Jajibere da sassafe a kai markaɗe. Da yamma ki dafa kayan miyan har ruwansu ya tsotse, ki soya su da mai sosai, ki rufe kar kowa ya sa cokali. Amma fa a nan za ki tsaya. Kar ki zuba gyaɗa da kabewa da alayyafo da daddare. Miyar gyaɗa ba ta son kwana a zafi, kuma wutar da za ki dogara da ita ta riƙe firji, kin san halinta. Da asuba ki ɗora tukunya biyu, ki juye soyayyun kayan da romon nama, ki bari su tafasa sosai, sannan kabewa, sannan gyaɗa, ganye a ƙarshe. Kafin rana ta fito miya ta haɗu, tuwo ya turara. Ki malmala ki zuba a kula, ki je ki yi wanka ki sa sabon kayanki.

Abin sha, zoɓo ya wadatar. Ki dafa da citta da kanumfari tun jajibere, ki tace, sukari sai da safe. Kunun aya kam na sallame shi, in ba ƙanƙara yini ɗaya ba ya yi sai ya yi tsami.

Saura abin da ya fi ba ni wuya, neman taimako. Da ina ganin gazawa ce in ce wa facalata ta kama mini. Ashe ita ma jira take a yi mata magana. Yanzu tun sati ya rage muke rabawa: ita tuwo, ni miya, 'yan mata wanke-wanke da shara, samari rabon kwanuka. Ki ambaci sunan kowa da aikinsa, don in kika ce "a zo a taya ni", kowa sai ya ɗauka da wani kike. Maigida ma da nasa: itace, da gawayi, da yin magana da mai fiɗa tun da wuri.

Bara muna sakkowa daga Idi na tarar har Inna ta buɗe kula tana zuba wa jikoki. Ta ɗanɗana miyar ta ce gishiri ya ɗan yi kaɗan, ta miƙo kwano a ƙara mata.

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu yi maganar suyar naman layya, da yadda ake adana shi ya daɗe ba tare da ya yi fumfuna ba. Mai tambaya ta ajiye a ƙasa. Allah Ya nuna mana Sallah lafiya, wassalamu alaikum.