Kafin ɗanka ya bi ƙungiyar ƙwallon coci zuwa ƙetare

Wannan makon za mu fara ne daga Kwoi, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jaba a Kudancin Kaduna, garin da aka sani da noman citta, kuma tsohuwar cibiyar aikin mishan.

A shekarar 1893 wasu matasa uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da niyyar shigowa Arewa da bishara. Kafin 1894 ta ƙare, ciwo ya kashe biyu daga cikinsu, Gowans a Girku, Kent kuma a Bida. Ƙungiyar da suka fara, wato SIM, ta buɗe tasha a Kwoi a 1910, kuma daga aikinta ne cocin ECWA ya fito a 1954. Yau SIM ɗin tana da shirin Sports Friends, wanda ya soma a Habasha a 2002 ya kuma iso Najeriya, inda ake jawo matasa ta hanyar ƙwallo.

Don haka ba abin mamaki ba ne wata rana ɗanka ya dawo daga atisaye a Kwoi ko Kafanchan ko Kagoro ya ce an gayyaci ƙungiyarsu zuwa Gana, Kamaru ko Habasha, su buga wasa, su ziyarci majami'u. Darasin waɗancan matasan na farko shi ne, kyakkyawar niyya ba ta hana ciwo kama matafiyi. Shirin lafiya ya kamata ya fara mako shida kafin tashi. Wannan kuma ya shafi mai ɗan da zai je musabaƙa ko gasar makaranta.

Allura da kati

Abu na farko shi ne rigakafin cutar shawara. Allura ɗaya ta ishi mutum har tsawon rayuwa, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar tun 2016, amma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin ta. Wanda ya yi ta ana gobe tafiya, ana iya tare shi a kan iyaka. Kada ku sayi katin jabu a tasha, domin sauro ba ya karanta takarda.

Idan tafiyar ta faɗo a lokacin hunturu ko bazara, kuma za a je ƙasa irin Nijar, Chadi ko Burkina Faso, ku nemi rigakafin sanƙarau. Yara ashirin a ɗaki guda, ga ƙura ga zafi, yanayin da cutar ke so ke nan. Ku duba kuma yaushe aka yi wa yaron allurar tetanus, tunda ɗan ƙwallo ba ya rasa rauni.

A san jinin yaro da zuciyarsa

Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan yana da jinin AS. Mai AS ba mara lafiya ba ne, yana iya buga ƙwallonsa. Sai dai idan gudu mai tsanani ya haɗu da ƙishirwa, ko da gari mai tudu inda iska ke da ƙarancin ƙarfi, jikinsa na iya gazawa farat ɗaya. Adis Ababa ta haura mita 2,300 a saman teku, kusan ninki biyu na tudun Jos. A Amurka, tun 2010 aka fara tilasta wa 'yan wasan manyan jami'o'i wannan gwaji saboda mace-macen da aka samu a filin atisaye. Kocin ya san wane yaro ne AS, ya bar shi ya huta da zarar ya yi kukan ciwon ƙafa ko baya. Mai SS kuwa, sai da amincewar likitansa.

Manyanmu ba su manta da Samuel Okwaraji ba, wanda ya faɗi ya rasu a filin wasa na Legas ranar 12 ga Agusta, 1989, ana wasa da Angola. Yaron da ya taɓa suma a fili, ko yake jin ciwon ƙirji idan ya yi gudu, ko aka taɓa mutuwar fuju'a ta matashi a danginsu, a kai shi likita ya duba zuciyarsa kafin a biya kuɗin mota.

Abin da ke cikin jaka

Nan ne iyaye suka fi yin kuskure, saboda ƙauna. Uwa za ta ƙulle ƙwayoyi a leda ta ce "na ciwon jiki ne". Kowane magani ya tafi cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita. A 2017 wata kotu a Masar ta yanke wa wata 'yar Birtaniya ɗaurin shekara uku saboda an same ta da ƙwayar tiramadol kusan 290. Hukumar yaƙi da shan ƙwaya a wasanni ta duniya ma ta haramta tiramadol a lokacin gasa daga 1 ga Janairu, 2024. Maganin tari mai kodin kuwa, gwamnatinmu ta hana shi tun 2018.

A hana yara ɗabi'ar haɗiye diklofenak ko ibuprofen kafin a shiga fili. Idan jiki ya bushe da gumi, waɗannan ƙwayoyi suna wahalar da ƙoda, suna kuma cin ciki. Parasitamol ya isa ga ƙananan ciwo. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihu, kada ya bar shi cikin akwatin da aka ɗaure a saman mota.

Gudawa ce ta fi kwantar da baƙo. A sha ruwan gora ko dafaffe, a ci abinci da zafinsa, a tafi da ƙullin gishiri da sukari na kemis. Idan ya ƙare, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. A tafi da gidan sauro. Idan kuma ƙasar da aka je ba ta da maleriya, yaro ya yi zazzaɓi, jagora ya gaya wa likitan cewa daga Najeriya suka zo, domin ba lallai tunaninsa ya kai can ba.

Tambayoyi ga shugabanni

Baba da Mama, kunyar fasto ko koci kada ta hana ku tambaya. Wa zai riƙe akwatin magani, kuma ya san aikinsa? Wane asibiti ne kusa da masauki? Akwai inshora? Idan da 'yan mata a tafiyar, wace uwa ce daga zumuntar mata za ta raka su? Ku nemi takardar gayyata, ku kira cocin da zai karɓe su da kanku, domin akwai mayaudara da ke fakewa da sunan ƙwallo ko addini su yi safarar yara.

Bayan sun dawo, duk zazzaɓin da ya taso, a yi gwaji kafin a sha magani, a kuma faɗa wa likita ƙasar da aka je. Allah Ya kai su lafiya, Ya dawo mana da su lafiya. Sai mako mai zuwa.