Yadda Ake Zaɓen Wurin Gina Tashar Nukiliya

Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta tsara zaɓen wurin gina tashar lantarki ta nukiliya mataki-mataki, inda ake fara tankaɗe wurare da sharuɗɗan da ba su da sassauci, kamar tsagar ƙasa mai haddasa girgiza ko rashin ruwan sanyaya injina, sannan a auna waɗanda suka rage da ma'aunai irin su yawan jama'a da kuɗin gini. A mataki na biyu ana yawan amfani da hanyar da Thomas Saaty ya ƙirƙiro a shekarun 1970, wadda masana ke kwatanta ma'aunan bibbiyu a cikinta, suna ba da maki daga 1 zuwa 9, har nauyin kowanne ya fito.

Sai dai lissafin yana ɗauke da ra'ayin masu ba da makin, kuma a nan haɗarin yake. Tashoshi biyu na ƙasar Japan sun nuna tasirin ra'ayin masu yanke shawara: a tashar Fukushima Daiichi an sassare tudu mai mita 35 zuwa mita 10, domin ginin ya zauna kan dutse, a kuma rage kuɗin jawo ruwan teku. A tashar Onagawa kuwa, injiniya Yanosuke Hirai ya dage sai an yi gini a kan mita 14.8, yana kafa hujja da tsunami, wato ambaliyar da girgizar ƙarƙashin teku ke tayarwa, ta shekarar 869. Ambaliyar Maris 2011 ta mamaye Fukushima Daiichi, amma Onagawa, wadda ta fi kusa da cibiyar girgizar, ta kashe injinanta uku lafiya, har mutanen yankin suka fake a ɗakin wasanninta.