"Wanga Fofulizim, Buhu Nawa Na?"

Duk shekara idan azumi ya ƙarato, tireloli kan kama hanyar Anka da Bukkuyum da Gummi, maƙare da shinkafa da gero da sukari na manyan 'yan siyasa. Kafin a sauke buhun farko, faɗa ya riga ya kaure a waya. Wannan ya ɗora hoton tirela a Facebook ya ce ga gatan talakawa, wancan ya mayar masa da kalma guda da ya tsinto a bakin Turawa: fofulizim. Bana har a rumfar wani mai cajin waya a Anka na ji ta, inda samari biyu suka kusa ba hamata iska. Wani dattijo daga Tungar Daji da ya zo karɓar wayarsa ya tsaya ya kasa kunne, can ya dubi ɗayansu ya ce, "Ɗana, wanga fofulizim da kuka ta hwaɗi, buhu nawa na?" Aka bushe da dariya. Saurayin ya ce, "Baba, ba abin ci ba ne," daga nan kuma bakinsa ya mutu, don shi ma iyakar saninsa ke nan.

Ban ga laifinsa ba. A dandalin sada zumunta kalmar ta zama sandar makaho, duk inda ta faɗa shi ke nan. An raba taki, fofulizim. An aurar da zawarawa a Kano, fofulizim. Gwamna ya tsaya ya sayi ƙosai a bakin titi, fofulizim. Da gwamnatin Buhari ta fito da TraderMoni a 2018, Osinbajo yana zaga kasuwanni ana ba ƙananan 'yan kasuwa naira dubu goma-goma gab da zaɓe, 'yan adawa suka liƙa mata kalmar. Yau kuma duk wanda ya ce a dawo da tallafin man fetur da aka cire ranar 29 ga Mayun 2023, da ita za a jefe shi, alhali wasu daga cikin masu jifan su ne suka cika tituna a Janairun 2012 lokacin da Jonathan ya taɓa tallafin. Ƙa'idar ba ta da wuya: in gwaninka ne ya raba, jinƙai ne, in gwanin wani ne, siyasar taliya ce.

Magoya baya kuma sun iya mayar da zagi kirari. Sai ka ji ɗan data, wato yaron da ake saka wa kati don ya kare maigida, yana cewa in ciyar da talaka ne fofulizim to sun ji sun gani. Abokan hamayya su ɗauki hoton maigidan yana cin ɗanwake a ƙasa, su haɗa shi gefe da gefe da na gidansa na Abuja. Sojojin baka na rediyo ne dai suka koma waya, sai dai yanzu da ɗan Turanci a baki.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne zaton da ake yi cewa kalmar na nufin kyauta ga talaka, ko yin abin da jama'a ke so. Ba haka ba ne. Asalinta daga Latin ne, daga kalmar da ke nufin jama'a, kuma manoman Amurka da suka kafa jam'iyya suka shiga zaɓen 1892 da alfahari suka amsa sunan, domin bashin banki da tsadar dakon jirgin ƙasa sun kai su bango. Ba su raba wa kowa ko mudu ba. A 2004 wani masanin siyasa ɗan Holan, Cas Mudde, ya ba da ma'anar da yawancin masu nazari ke aiki da ita: ra'ayi ne da ke raba al'umma gida biyu rak, talakawa tsarkaka da manya lalatattu, ya kuma ce siyasa ita ce aiwatar da abin da talakawan ke so. Jan-Werner Müller, Bajamushe, ya ƙara da cewa alamar da ba ta ɓuya ita ce mutum ya ce shi kaɗai ne bakin jama'a. Bayan zaɓen Trump da ƙuri'ar ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai a 2016, kalmar ta yi tashe har ƙamus na Cambridge ya zaɓe ta kalmar shekarar 2017. Daga can ta gangaro cikin wayoyinmu, ta bar ma'anarta a hanya.

Shi ya sa ba a auna ta da buhu. Yaji ce, ba tuwo ba: ana barbaɗa ta a kan tsire, a kan ɗanwake, a kan dafa-duka, kuma da ɗan gurguzu irin Chavez na Benezuwela da attajiri irin Trump duk sun ci da ita. Ɗan fofulizim direba ne da zai ce duk fasinjan da ya nemi a rage gudu ba fasinja ba ne, ɗan fashi ne. Wakilin ango ne da ya karɓi aure, ya kuma ce tunda shi ya amsa, amaryar ma tasa ce. Mai kiɗan gayya ne da ya wayi gari yana cewa gonar tasa ce don da gangarsa aka nome ta. Mutum na iya raba tirela ɗari bai yi fofulizim ba, wani kuma bai ba kowa ƙwayar gero ba amma ya yi shi tsagwaronsa, muddin ya ce wanda bai bi shi ba maƙiyin talaka ne.

Mu kuwa ba baƙi ba ne a wannan gona. NEPU da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agustan 1950 ta fito fili ta ce akwai gwagwarmaya tsakanin talakawa da masu riƙe da En'e. Rabon gida biyu ke nan. Amma 'yan NEPU, wato 'yan Sawaba, sun kira abin da ke damunsu da sunansa: haraji, jangali, aikin tilas, hukuncin son rai, sun kuma sha bulala da kurkuku a kai. Da PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, abin da Bafulatani da manomi suka ji a aljihunsu. Sai dai ciwon fofulizim bai bar su ba. Jam'iyyar ta tsage, 'yan santsi da 'yan taɓo, kowane ɓangare na rantsuwa shi ne talakawa na ainihi, ɗayan kuma maci amana, tun Malam Aminu Kano na da rai.

Dattijon nan na Tungar Daji ya san wani irin aiki da ba ya shiga wannan faɗa. A 2010 ƙauyensu na cikin waɗanda gubar dalma ta auka wa, tare da Dareta da Abare da Sunke da 'Yargalma da sauransu, sanadiyyar niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Yara kimanin 400 suka rasu a yankin. Maganin ba mai daɗin hoto ba ne: a kankare saman ƙasar tsakar gida, a kwashe a binne, a zubo sabuwa, sannan likitocin ƙungiyar agaji ta MSF su yi ta ba yara magani wata da watanni. Bagega kuwa, wadda ita ma gubar ta auka wa, ta yi ta jira. Gwamnatin tarayya ta yi alƙawarin naira miliyan 850 a 2012, kuɗin suka maƙale, sai da matasa irin su Hamzat Lawal suka tayar da ƙura a intanet, ƙungiyoyin waje suka sa baki, aka sake su a farkon 2013. Da irin wayar da yau ake gardamar buhun wa ya fi girma aka yi wannan. Ban ji wanda ya kira kwasar ƙasa fofulizim ba, ban kuma ga jami'in da ya yi rububin ɗaukar hoto da shebur ba.

A Satumban 2021 aka katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya saboda 'yan bindiga. Makonni mutanen Anka da Bukkuyum ba su iya kiran ɗan'uwa ba, balle su leƙa Facebook, amma ba a fasa magana da yawunsu ba ko na yini guda, daga Abuja da Kaduna da Landan, kowa na cewa talakan Zamfara na bayansa.

Dattijon ya biya kuɗin cajinsa, ya ɗaure 'yar wayarsa da roba ya jefa a aljihu. Har ya kai bakin rumfa ya waiwayo ya tambayi samarin ko a cikin waɗanda suke wa faɗan akwai wanda ya ce wani abu a kan hanyar Bagega. Suka sunkuya suna duba waya.