Cin Abinci da Ramewa Bayan an Yi wa Mutum Aiki

A ƙasar Karaye da Rogo, idan aka ce an yi wa wane aiki, kowa ya san tiyata ake nufi. Galibi aikin gwaiwa ne ko na afendis, ko kuwa haihuwa ta zo da gardama aka ciro jaririn. Wanda ya fi waɗannan tsanani shi ne idan zazzaɓin taifot ya huda hanji, abin da ya fi samun yara da samari a inda ruwan sha ba shi da tsabta. Ƙananan ayyuka akan yi su a asibitocin gwamnati na kusa. Manya kuwa sai an dangana da Kano, ko Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, mummunar karaya kuma a nufi Asibitin Ƙashi na Dala. Ko ma ina aka yi aikin, idan majinyaci ya dawo gida maganar 'yan dubiya ɗaya ce: "Sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Kai, amma ya zabge!" Daga nan sai hankalin 'yan uwa ya tashi, wani ya ce aikin ne bai yi kyau ba, wani ma ya fara zargin sammu.

Ramewar nan tana da dalili. Jiki ba ya bambanta wuƙar likita da kowane irin rauni. Da zarar an yanka, sai ya saki sinadaran da ke shirya shi don fuskantar haɗari, su tayar da sukarin jini, su rage sha'awar abinci, su kuma sa jiki ya fara narkar da tsokarsa don ya sami kayan ɗinke rauni da yaƙar ƙwayoyin cuta. Wani masani mai suna David Cuthbertson ne ya fito da wannan fili a birnin Gilasgo na Birtaniya a farkon shekarun 1930. Ya riƙa auna fitsarin mutanen da suka karye a ƙafa, sai ya ga alamar naman jikinsu yana zubewa fiye da yadda kwanciya kaɗai za ta jawo. Idan aka haɗa wannan da kwanakin da aka hana mutum ci, da tashin zuciyar maganin barci, da zaman gado wanda shi ma yake cinye tsokar cinya, babu mamaki wando ya yi wa mutum yawa cikin mako biyu. A kwanakin farko ma sikeli yana iya ruɗar mutum, domin ƙarin ruwan da aka yi masa yakan sa nauyi ya hau, sai ruwan ya fita sannan ainihin ramar ta bayyana.

Abin da ya sa likitoci ba sa wasa da wannan shi ne sun daɗe da ganin sakamakonsa. A 1936 wani likita a Amurka, Hiram Studley, ya duba marasa lafiyar da aka yi wa aikin gyambon ciki. Waɗanda suka rasa fiye da kashi 20 cikin 100 na nauyinsu kafin aikin, kusan ɗaya cikin uku ya rasu, alhali a cikin sauran mace-macen ba su kai kashi 4 cikin 100 ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

A da, ƙa'idar ita ce kada a ba majinyaci komai ta baki sai cikinsa ya motsa ya fitar da iska. Daga shekarun 1990 wani likitan tiyata ɗan ƙasar Denmak, Henrik Kehlet, ya nuna cewa a yawancin ayyuka fara ci da wuri da tashi a taka ƙafa suna gaggauta warkewa. Shi ya sa yanzu matar da aka yi wa aikin haihuwa sau da yawa akan ba ta ruwa da abu mai ruwa-ruwa tun a ranar. Amma wanda aka ɗinke wa hanji hukuncinsa daban ne, likitan da ya buɗe cikin shi ya san ranar da za a fara. Mai jinyar da tausayi ya sa ta ɓoye kunu ta ba ɗanta kafin a yi izini tana iya jawo masa komawa ɗakin tiyata.

Inda aka fi yin kuskure shi ne bayan sallama. Dubi abin da ke gefen tabarmar majinyaci a gidajenmu: shayi, burodi, koko, da kwalaben Maltina da 'yan dubiya suka kawo. Duk suna ba da ƙarfi, ba a raina su ba, amma kusan duk sitaci ne da sukari. Rauni kuwa da furotin ake gina shi, wato sinadarin da ke cikin nama, kifi, ƙwai, nono da wake. Lafiyayyen mutum yana buƙatar abin da bai kai giram 1 ba a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Wanda aka yi wa babban aiki buƙatarsa takan kai giram 1.5. Ke nan mai nauyin kilo 60 yana neman kusan giram 90 kullum, ga shi ƙwai ɗaya giram 6 kacal yake bayarwa. Kofin koko da yankan burodi biyu ba su kama hanyar biyan wannan bashi ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne maganin yana cikin rumbunmu. Manoman Rogo da Karaye suna noma wake da gyaɗa da waken suya, kuma waken suya fiye da kashi ɗaya bisa uku na nauyinsa furotin ne. Awarar da 'yan mata ke soyawa a ƙofar gida da yamma ta fi lemon kwalba amfani ga mai ɗinki a ciki nesa ba kusa ba. Ga madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Karaye, wadda aka kammala a 1992, masunta na fito da kifi daga cikinta. Ga kindirmon Fulani, ga ƙwan zabi da damina. Kunun gyaɗa mai kauri da aka zuba wa madara, alala mai laushi, faten wake da alayyafo, farfesun kifi ko na kaza, duk suna shiga cikin wanda bakinsa ba daɗi. A farfesun ma a lura: akan ba majinyaci romon a ce shi ne mai amfanin, masu jinya su cinye tsokar, alhali amfanin yana cikin tsokar. Sai a haɗa da gwaba ko lemo ko tumatir saboda bitamin C da ke ƙarfafa ɗinki, da hanta da zogale ga wanda ya zubar da jini. Tunda cikin ba ya ɗaukar da yawa, gara a ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida da a tasa mutum gaba da malmalar tuwo ana "daure ka cinye".

A waɗansu gidaje akan hana mai rauni ƙwai ko gyaɗa ko kifi, wai suna sa ciwo ya yi ruwa. Ƙwayoyin cuta ne ke kawo mugunya, ba abinci ba, kuma jikin da aka hana furotin shi ya fi kasa korar su. Mai jego da aka yi wa aiki ita ma a yi hattara da yawan kunun kanwa. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta shi, tare da wankan jego da kwanciya a gadon wuta, da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, saboda gishirin da ke cikin kanwa yana tara ruwa a jiki. Mai ciwon sukari da mai ciwon ƙoda kuwa nasu abincin sai da shawarar likita, don abin da ya dace da wani yana iya cutar da su.

Akwai kuma mai ƙiba da zai ji daɗi ya ga ya faɗa, har ya ƙara rage ci don ya ci gaba da saɓulewa. Wannan ba lokacinsa ba ne, domin abin da ke zubewa a makonnin nan har da tsoka, ba kitse kaɗai ba. Fatar da aka yanka takan ɗauki kusan wata uku kafin ta kai kashi 80 cikin 100 na ƙarfinta na da. Haka idan azumin Ramadan ya riski mutum da ɗanyen ɗinki, addini ya yi wa marar lafiya rangwame ya sha ya rama daga baya.

Yawanci sha'awar abinci takan fara dawowa cikin mako ɗaya zuwa biyu, nauyi kuma ya biyo baya a hankali, wani lokaci sai bayan watanni idan aikin babba ne. 'Yar tafiya a tsakar gida da shan ruwa sosai suna taimakawa, suna kuma sassauta taurin bayan gida da magungunan kashe zafi ke kawowa. Yana da kyau a riƙa hawa sikeli sau ɗaya a mako a asibitin sha-ka-tafi na kusa, a rubuta a bayan katin asibiti. Idan mai kilo 60 ya rasa fiye da kilo 3 cikin wata guda, ko yana amai duk abin da ya ci, ko ciki ya kumbura ba iska ba bayan gida, ko zazzaɓi ya taso ɗinki yana fitar da ruwa, kada a tsaya jiran ranar da aka rubuta masa ya koma. A nemi mota a mayar da shi asibitin da aka yi aikin a ranar.